Kundin aikin sauya wa Hilux ɗina aksul da sifirin na baya

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na kai motar gareji, kuma na ƙudura cewa ba za ta fito ba sai an yi mata aikin da na daɗe ina ɗagawa. Toyota Hilux ce samfurin LN106, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1988 da 1997, mai injin dizal 3L da giyar taimako ta jan ƙafa huɗu. Da ita nake kwaso masara da waken suya daga gonata ta Doguwa zuwa Kano, wani lokacin kai tsaye zuwa kasuwar Dawanau.

Abin da ya sa na daina jinkiri ya faru ne a kakar bana, tsakanin Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, ina ɗauke da buhu 14 na masara. Na fara jin gurnani daga baya, sai ƙauri ya biyo, kafin in gama sauka gefen titi motar ta karkata hagu. Da na fito, na tarar tayar baya ta hagu ta zamo waje da kusan taƙi guda, ita da duram ɗin birki, shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ya yi shuɗi saboda zafi, man birki na ɗiga a kan kwalta. Boris ne ya narke, wato zoben ƙarfen da shaf ke juyawa a cikinsa. Karo na biyu ke nan cikin shekara biyu, kuma Allah ne ya tsare da ba a kan gangara nake ba.

Aksul ɗin Hilux na asali, wato bututun ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, an yi shi ne ta yadda shaf ɗaya ke juya taya, shi ne kuma ke ɗauke da nauyin mota a kan boris guda tak a kowane gefe. Na Land Cruiser samfurin 75 ba haka yake ba: taya tana zaune ne a kan hob, wato cibiyar da ake ɗaura wili a jikinta, mai boris biyu da ke bisa bututun aksul ɗin kansa, shaf kuwa juyawa kawai yake yi. Ko ya karye, taya ba ta zuwa ko'ina. Sai mutum ya zare shi, ya toshe bakin, ya sa giyar taimako ya lallaɓo gida da ƙafafun gaba. Irin wannan nake nema. Na ware Naira miliyan 1 da dubu 300, kuma ina fatan gamawa kafin azumi.

Talata, 7 ga Janairu

Mun zaga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ni da makanikena tun hantsi har la'asar. Mun ga aksul uku na Land Cruiser. Biyu masu noti biyar ne, na samfurin 79 da ya fara fitowa a 1999, don haka ba za su karɓi wilina ba. Na uku mai noti shida ne amma bututunsa na dama ya lanƙwashe, ana gani da ido. Ba mu sayi komai ba.

Asabar, 11 ga Janairu

An samu. Wani dillali ya kai mu wani shago inda aka ajiye aksul ɗin Land Cruiser HZJ75 cikakke, da duram da hob da igiyoyin birkin hannu. Na zo da safayar motata a bayan Keke Napep, domin in gwada da idona maimakon in dogara da maganar mai sayarwa. Notin shida suka shige daidai, ramin tsakiyar wilin kuma ya wuce hob ɗin da ya turo waje ba tare da gogayya ba. Mun auna faɗinsa daga fuskar duram zuwa fuskar duram, bambancinsa da nawa bai kai ya hana aiki ba.

Daga nan muka ƙirga giyarsa. Yaron makanike ya riƙe taya ɗaya, aka yi wa ɗayar alama da alli, aka juya ta sau biyu cur, ni kuma ina ƙirga juyin bakin da farfela ke ɗauruwa, wato dogon bututun da ke kawo juyi daga giya zuwa aksul. Ya juya sau huɗu da ɗan ɗoriya, wato 4.11, haƙori 37 a kirawun, babbar giyar cikin aksul, da 9 a finiyon, ƙaramar da ke juya ta. Na motata kuwa huɗu da rabi ne, 4.556. Makanike ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka san fa wannan zai ja mana aikin gaba." Na sani. A mota mai jan ƙafa huɗu tilas giyar gaba da ta baya su yi daidai, in ba haka ba ranar da aka sa giyar taimako a ƙasa mai tauri, ƙafafun gaba da na baya za su riƙa jayayya har wani abu ya karye a tsakaninsu.

Na yi jinkiri kamar na rabin sa'a, sannan na biya Naira dubu 780 bayan doguwar tayi, da dubu 15 kuɗin ɗauko shi zuwa gareji.

Litinin, 13 ga Janairu

An sauke tsohon aksul da sifirin na baya duka, an ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe. Na hana a tallafe ta da bulo ko dutse, tunda mutane za su yi kwanaki suna kwance a ƙarƙashinta.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun buɗe sabon aksul. Man da ya zubo baƙi ne amma babu garin ƙarfe a jikin maganaɗisun marfin, haƙoran kirawun kuma lafiya lau, ba tsaguwa ba cinyewa. Boris ɗin hob guda biyu daga cikin huɗu sun yi tabo, saboda haka na ce a sauya su duka, tare da duk robobin da ke tare mai. Dubu 95. Ɗan bututun numfashi da ke saman aksul ya toshe da laka kamar an cusa masa siminti; irin wannan ne ke sa iska ta matse a ciki idan mai ya yi zafi, ta turo shi ta bakin roba ya jiƙa birki. An wanke shi, an sa masa dogon tiyo da za a ɗaure a jikin shasi.

Labarin da ba shi da daɗi ya zo da yamma. Da aka kankare laka da tsohon giris daga shasi, sai ga tsaga a gefen hagu, daidai gaban inda kunnen sifirin ke maƙale, tsawonta ya kai ɗan yatsa, ta taso daga ƙasa tana hawa. Na daɗe ina kallonta da tocila. Ba ramin hanya ne kaɗai ya yi ta ba, buhu 14 da 15 da na riƙa ɗora wa motar da aka ƙera don kimanin tan ɗaya su ne suka yi ta. Da na sa aksul mai ƙarfi da sifirin mai tauri ban ga wannan ba, da nauyin da ya saba cinye boris ya koma yana cin shasi, shi kuwa idan ya tashi karyewa ba ya gurnani balle a tsaya.

Litinin, 20 ga Janairu

Ranar gyaran tsaga. Mai walda ya fara huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta da garainda, ya cike, ya goge, sannan ya yanko faranti mai ƙarshe biyu masu tsini kamar kifi ya rufe wurin. Ya bayyana mini cewa faranti mai kusurwa huɗu yakan bar layin walda a tsaye, kuma a gefen wannan layin ne sabuwar tsaga ke farawa. Na sa an yi wa ɓangaren dama irinsa ko da yake bai tsage ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Batun sifirin ya jawo saɓani tsakanina da makanike. Shawararsa ita ce a bar tsohon, a kai wa masu wuta su gasa shi su ƙara masa lanƙwasa, a cusa falle uku na babbar mota a tsakani, kamar yadda ake yi wa yawancin akori-kura da ke lodi a kasuwanninmu. Kuɗin ba zai kai sulusin na sabo ba. Na ƙi, saboda na taɓa yi. Ƙarfen sifirin yana da irin dahuwar da aka yi masa a masana'anta, idan wuta ta taɓa shi ya rasa ta, bayan wata biyu sai ya kwanta ko ya tsinke. Fallayen babbar mota kuma sun fi kauri nesa ba kusa ba, sukan mayar da bayan mota kamar kututture, ta riƙa tsalle idan babu kaya, duk bugun rami ya wuce kai tsaye zuwa shasin da muka gama ɗinkewa shekaranjiya.

Na sayi sabon ɗauri mai hawa biyu, wanda tsawon uwar sifirin ɗinsa da matsayin kusar tsakiya suka yi daidai da na asali. Fallaye biyar na sama su ke aiki idan motar ba ta da kaya, biyu masu kauri na ƙasa ba sa taɓawa sai nauyi ya danne. Dubu 260 na gefe biyu. Sababbin ƙarafan runguma, waɗanda makanikai ke kira yubol, da bushin da kusoshi, dubu 48. Tsofaffin yubol ba su da amfani ko da ina so, domin bututun Land Cruiser ya fi kauri, kuma dama ba a so a sake ɗaure wanda ya riga ya miƙe.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan ita ce ranar da na fi jin tsoro, domin kuskuren da aka yi a cikinta ba ya gyaruwa da sifana. A Land Cruiser 75 sifirin yana ƙarƙashin aksul, a Hilux ɗina kuwa yana bisa. Don haka aka yanke kujerun sifirin na ƙasa, aka ƙera sababbi da za su zauna a sama, a tazarar da ta dace da shasina. Ba mu yi walda nan take ba. An shigar da aksul, an ɗaura yubol sako-sako, an sa taya, an sauke motar ƙasa, an ɗora mata buhu biyar na yashi don ta zauna a matsakaicin tsayin da take aiki. Sai aka riƙa juya bututun a hankali har kusurwar bakin finiyon ta yi daidai da ta bakin giyar taimako, muna aunawa da manhajar awon kusurwa ta waya, muna kuma tabbatarwa da magwajin magina. Mun auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane gefe, sau uku, har suka zo ɗaya.

Bayan an ɗiga walda an riƙe, aka sake fitar da aksul ɗin aka kammala a ƙasa. Mai walda bai yi gaggawa ba: ya yi ɗan tsawon gaɓar yatsa a hagu, ya koma dama, ya jira ya huce, ya dawo. Ya ce idan aka zuba wa bututu zafi a gefe guda yakan ja ya lanƙwashe, mai mota ba zai sani ba sai taya ta fara cin gefe. Aikin walda duka, har da na shasi da kunnuwan shokazoba, dubu 70.

Laraba, 29 ga Janairu

An ɗaura sifirin da sababbin shokazoba, dubu 84. Kusoshin bushin ba a matse su ba sai da motar ta tsaya a kan ƙafafunta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Farfela ta ƙi shiga. Tun a kasuwa mun ga kan aksul ɗin Land Cruiser ba a tsakiya yake ba, ya karkata zuwa dama, amma ban auna yadda hakan zai shafi tankin mai ba, wanda shi ma a dama yake. Farfelar ta yi tsawo saboda hancin sabon aksul ya fi turowa gaba, ramukan kusoshinta ba su dace da bakin finiyon ba, kuma da muka riƙe ta da hannu a inda za ta zauna, tsakaninta da garkuwar tanki bai kai kaurin tafin hannu ba. Idan motar ta nutse da kaya ta faɗa rami, gogayya tilas ce, ga kuma dizal a ɗaya gefen.

Na koma gida raina a ɓace, har na fara lissafin abin da zan yi asara idan na sayar da aksul ɗin na koma na asali. Da safe makanike ya kira ya ce ya kwana da abin a ransa, kuma yana ganin akwai sarari tsakanin tanki da shasi da za a iya ci.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An sauke tanki, an matsar da maɗaurinsa waje da kamar yatsa biyu, an rage gefen garkuwar an naɗe bakin. An kai farfela wurin masu injin ferar ƙarfe, suka rage tsawonta, suka dasa mata kan Land Cruiser a ƙarshen baya. Dubu 55. Mun ɗora buhu goma na yashi, mutum uku suka hau suna girgiza motar, na kwanta ina kallo; babu inda ta taɓa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Giyar gaba. Sa'ar da na yi ita ce kan aksul ɗin gaba na wannan samfurin ana cire shi ne ɗungurum, irinsa ɗaya da na baya na Hilux, saboda haka abin nema shi ne mai 4.10, haƙori 41 da 10, wanda bambancinsa da 4.11 bai kai a ji ba. Wanda aka fara kawo mana, mai shi ya rantse 4.10 ne, da na ƙirga haƙoran da alli sai na samu 43, wato 4.30. Sai da aka yi kwana biyu ana kai-kawo kafin ya yarda ya musanya. Na biyun na ƙirga shi a gabansa kafin in karɓa. Dubu 190.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Gwajin farko, daga gareji zuwa hanyar Zariya da dawowa, kuma na dawo da matsala biyu.

Ta farko, da na kai gudun kilomita 70 sai kujera ta fara kaɗawa, madubin ciki yana rawa har ba a ganin komai. Mun zargi kusurwar finiyon, gabana ya faɗi, amma da aka shiga ƙarƙashi sai aka ga wajen haɗa farfela yaro ya zura rabinta a haƙorin da ba nasa ba, kunnuwan gaba da na baya ba sa kan layi ɗaya. An zare, an daidaita, an yi alama da fenti. Kaɗawar ta tafi, saura ɗan ƙaramin motsi da ake ji a sama da 90, wanda nake ganin na karkatar kan aksul ne kuma zan zauna da shi, sai dai in riƙa ba wa gaɓoɓin farfela giris a kan kari.

Ta biyu ta fi muni. An sa sabon lainin birki, an fitar da iska sau biyu, amma birkin baya kamar babu. Na taka da ƙarfi a kan ƙasa, ƙafafun gaba suka kulle, na baya suna ta juyawa. Sai da yamma na tuna da bawul ɗin da ke maƙale a shasi, wanda wata doguwar sanda ke haɗa shi da aksul. Aikinsa shi ne ya auna yadda bayan mota ya nutse: idan ya nutse, kaya ne, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan ya ɗago, sai ya rage don kada taya ta kulle motar ta juya. Mu kuwa ba mu yi wa sandar mazauni a sabon aksul ba, an ɗaure ta da waya a jikin shasi, ga sifirin ya ɗaga bayan motar. Makanike ya ce, "Alhaji, mu cire shi kawai mu haɗa layi kai tsaye, kowa haka yake yi." Na ce a'a, domin rabin tafiyata ba kaya nake yin ta ba, kuma da damina a kan jiƙaƙƙen titi na san abin da kullewar ƙafar baya ke yi wa akori-kura marar kaya.

Talata, 18 ga Fabrairu

An ƙera wa sandar mazauni mai ramuka huɗu don a iya hawa da sauka da ita. Mun gwada a wani fili, babu kaya da kuma buhu goma, muka tsaya a rami na uku: babu kaya gaba ke fara kamawa, da kaya duka huɗun suna riƙewa tare. Igiyar birkin hannu ma an haɗa ta Land Cruiser da ta Hilux a tsakiya, ta riƙe motar a kan gangara da lodi. Kayan birki dubu 42, man giya mai lamba 90 na gaba da baya dubu 23, ladan makanike da yaransa dubu 120.

Jimilla ta kai Naira miliyan 1 da dubu 782. Na sayar da tsohon aksul da tsohon kan gaba a kan dubu 110, saboda haka na haura abin da na ware da dubu 372.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya na je Doguwa, yau na dawo da buhu goma na waken suya. Bayan motar ya sauka har fallayen ƙasa suka kama aiki, amma bai kai ga robar da ke tare aksul ba, fitilun gaba kuma ba su koma kallon sama ba kamar da. A Tudun Wada na tsaya na ɗora hannu a kan hob ɗin baya, ɗumi ne kawai, wanda da can ba na iya riƙewa.

Abin da na rasa shi ne ƙarfin ja. Sauyi daga 4.556 zuwa 4.11 ya kai kashi goma cikin ɗari, kuma injin 3L, da bai cika lita 2.8 ba, yana jin sa. Hawan da na saba yi a giya ta uku bayan Falgore yanzu sai ta biyu, tashi daga tsaye da kaya kuma yana neman lallaɓa kuloci. A shimfiɗaɗɗen titi injin ya rage kuka. Allurar gudu ma yanzu tana nuna ƙasa da gaskiya. Idan ta ce 80, wayata tana cewa kusan 89, kuma na rubuta hakan a takarda na manna a gaban sitiyari saboda direban da ke karɓata wani lokaci.

Wani abokin sana'a da ya ga motar a Dawanau ya ce yanzu sai buhu 20. Na nuna masa gefen taya. Tayoyina 205R16C ne masu lamba 110, wato kowace tana ɗaukar kilo 1,060, biyun baya kilo 2,120 har da nauyin motar kanta da na aksul ɗin da ya fi tsohon nauyi. Ya ce in sa 7.50R16, amma sun fi tsawo, za su ƙara rage mini ƙarfin ja, kuma sai na sayi huɗu da safaya. Birkin gaba da shasi su ne dai na da. Na tsayar wa kaina da direba buhu goma a kwalta, takwas a hanyar gona.

Gobe za a sake matse yubol da notin taya da ƙananan notin da ke riƙe shaf a jikin hob, tunda sabon sifirin yakan zauna bayan tafiyar farko. Tayoyin baya biyu sun tsufa bisa lambar mako da shekarar da ke jikinsu, zan sauya su bayan sallah idan na sayar da ragowar masara. Man giya kuma zan zubar da shi bayan kilomita dubu, in duba maganaɗisun marfin.